Kafin a miƙa wa kamfanin ƙarfe kofi, a duba idanun yaran shagonsa

Duk ƙarshen shekara manyan otal-otal na Yamai cika suke da bukukuwan ba da lambar yabo. Na halarci ɗaya daga ciki a bakin aiki. A daren aka kira wani kamfani mai ƙera ƙofofi, tagogi da rumfunan ƙarfe, aka miƙa wa maigidan kofi, aka ce shi ne gwarzon shekara a fannin masana'antu da taimakon al'umma. Mai gabatarwa ya lissafa alheransa: buhunan shinkafa da sukari a watan azumi, rigunan ƙwallo ga samarin unguwa, fentin masallaci. Muka tafa, har da ni.

Bayan kamar mako biyu hanya ta bi da ni ta bakin shagon kamfanin. Wani yaro da ban ba shi shekara 13 ba yana riƙe da ƙarfe ana walda, ya kau da kai gefe ya runtse ido, ƙafarsa da silifas, tartsatsi na zuba masa. Shi kansa mai waldar tabarau ne na dala ɗari a fuskarsa, irin wanda ƴan kabu-kabu ke sa wa saboda ƙura. Tun daga ranar nake ganin mun ɗauko ma'aunin da ba shi ba muna auna waɗannan kamfanoni.

Ba na raina shinkafa. Wanda ya kai buhu gidan da ba a ɗora tukunya ba ya yi abin kirki, Allah ya saka masa. Sai dai ɗan kasuwar atamfa ma yana iya raba shinkafa, mai gidan mai ma haka. Abin da kamfanin ƙarfe ke da shi wanda ba kowa ke da shi ba sana'a ce, kuma al'ummar da ta fi kusa da shi ita ce yaran da ke tsugune a gaban injinsa daga safe har magariba. Don haka tambayar da ta dace a yi wa mai neman kofi ita ce: yara nawa ka yaye a bana, da wace takarda, kuma da wane irin ido suka fita?

Maganar ido ba ƙaramar magana ba ce. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan wasu awoyi, yawanci cikin dare, yaro zai farka yana jin kamar an zuba masa rairayi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da ɗan koyon walda ya san wannan daren. Da safe a ɗiga masa abin da aka samu, ya koma aiki. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbin garkuwar fuska ta walda. Ga kuma hayaƙi: idan ana waldar ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin na bututun ruwa, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan adam. Kuɗin garkuwa, safar hannu ta fata da takalmi mai rufi na yaran shago guda ba su kai kuɗin tebur ɗaya a daren bikin nan ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da da sunan koyo ne, kuma ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Mafi ƙanƙantar albashi ya koma jikka 42 tun watan Janairun 2024. Akwai CNSS da ke ɗaukar nauyin ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, muddin an yi masa rajista. Akwai asusun FAFPA da aka kafa musamman don tallafa wa koyon sana'a. A aikace kuwa, saurayi sai ya shekara shida ko bakwai a shago, ya iya yanka, ya iya awo, ya iya haɗa ƙofa shi kaɗai, amma har yanzu sunansa yaro, abin da yake samu kuɗin abincin rana ne, ranar da ya bar wurin kuma ba shi da ko fallen takarda da zai nuna a wani gari.

Na san amsar masu shaguna, kuma akwai gaskiya a cikinta. Iyaye ne ke kawo yaran suna roƙo, don gara shago da yawon titi. Sana'ar kuma ta sha wuya a ƴan shekarun nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ta dogara da ita, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024, kuma mai walda in babu wuta zaman banza yake. Rufe iyakar Benin ya sa ƙarfen da ke shigowa ta Kwatano ya koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, kuɗinsa ya hau. Mai ƙaramin shago a Zariya ta Maraɗi ko a bakin kasuwar Katako, wanda injinsa ɗaya ne kuma bashi ya ci kansa, ba shi nake tuhuma ba. Maganata da wanda ya yi girman da zai hau dandamali ya karɓi kofi, ya kuma nemi kwangilar gwamnati da wannan sunan.

Masu shirya irin waɗannan bukukuwa su ma suna da laifi, mu ƴan jarida muna da namu. Akwai kyautar inganci ta ƙasa da ta UEMOA, inda masu bincike ke shiga kamfani su duba yadda yake aiki kafin a ba shi komai. Akwai kuma kofunan da ba wanda ya san ma'auninsu, sai dai a ga sunan wanda ya ci kyauta a jikin allon waɗanda suka ɗauki nauyin bikin. Mu kuma mu ɗauki hoto, mu kwafe jawabi, mu wuce. Ni ma haka na yi a daren.

A ƙasar Indiya, kamfanin Tata Steel ya samu kyautar Deming ta Japan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan inganci a duniya, a 2008. Amma tun 1912 ya kafa aikin awa takwas ga ma'aikatansa a Jamshedpur. Ma'aikaci ne ya riga kofi da kusan shekara ɗari. Kuma ko wannan suna bai shafe abin da ya faru a Kalinganagar a 2006 ba, inda ƴan sanda suka harbe fiye da mutum 10 cikin mazauna yankin da ke adawa da karɓe filayensu don gina wata masana'antar kamfanin.

Ba sai mun je nesa ba ma. ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Dosso, an kafa su ne don a ƙera garmar shanu da amalanke a cikin ƙasa maimakon a jira jirgin ruwa. Amfanin da suka yi wa jama'a yana cikin aikin hannunsu, a gona da kan hanyar kasuwa. Yau ma akwai irin wannan buƙatar. A ranar 13 ga Afrilun 2021 yara kimanin 20 suka ƙone a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekarar aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi ta hanya ɗaya. Hukumomi a lokacin sun ce azuzuwan zana sun kai kimanin 36,000. Kowane ajin da za a gina a madadinsu yana buƙatar ƙarfen rufi, ƙofa, tagogi da bencina. Wannan aikin maƙeranmu ne, kuma a nan gwamnati da ma'aikatun magajin gari ke da ƙarfin faɗa a ji: duk kamfanin da zai karɓi kwangilar bencina ya kawo jerin ma'aikatansa na CNSS, da yarjejeniyar ƴan koyonsa, da adadin matasan da zai ɗauka daga cibiyoyin koyon sana'a na CFM ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Bai dace a ce yaron da ya kamata ya zauna kan bencin shi ne ya ƙera shi da rufaffen ido ba.

Sai ku ƴan'uwa da ke Abijan, Akara, Tamanrasset, Tarabulus da Turai. Gidajen da ake ginawa a sababbin unguwannin Maraɗi, Tawa da Damagaram da guminku ake yin da yawa daga cikinsu, kuma babu gidan da ba ya buƙatar babbar ƙofa, tagogi da ƙarfen tankin ruwa. Wasunku ma a can kuka ga yadda ake hana mutum taɓa injin walda in babu garkuwa, wasu kuma a can kuka gane darajar takardar shaidar sana'a, ranar da aka biya wanda bai kai ku iyawa ba ninki biyu don shi yana da ita. Idan za ku ba da aikin ƙofa, kuna sa a turo muku hoton samfuri ta WhatsApp, ku yi ciniki kan kaurin ƙarfe da launin fenti. Ku ƙara abu ɗaya: ku ce wa ƙaninku da ke kula da ginin ya je shagon ba tare da sanarwa ba, ya ɗauko muku bidiyon lokacin da ake walda, a ga fuskar wanda ke riƙe da ƙarfen da abin da ke ƙafarsa.