Abin da Fenti Ke Ɓoyewa a Waldarmu

Rubutun wannan makon a kan walda yake.

Kowace Alhamis tireloli ke barin kasuwar Maigatari cike da shanu zuwa Kudu, ga kuma mutane a kai. Ƙarafan da ke riƙe da su duk walda ce ta haɗa su, kamar yadda ta haɗa amalanken manomi a Sule Tankarkar da ƙafar tankin ruwa a Gumel. To da me muke gane aikin ya yi? Da ido. In layin ya yi sumul, an shafa fenti, sai mu biya mu tafi.

Alhali aibin walda a ciki yake ɓuya. A cibiyar bincike ta Argonne da ke kusa da Chicago a Amurka, da ta DESY a Hambug ta Jamus, masana na haska eksire mai tsananin ƙarfi ta cikin ƙarfe yayin da hasken leza ke narkar da shi, suna ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa guda. Ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500, amma leza kan wuce nan har ya mai da shi tururi, sai tururin ya haƙa siririn rami mai zurfi cikin narkakken ƙarfen. Ramin rawa yake yi. Idan ya rufta, kumfa kan maƙale, ƙarfen ya daskare a kanta. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa kogo, kuma daga irin wannan kogo tsagewa kan faro.

Ba leza muke da ita ba, sandar walda ce da janareto. Amma sanda mai danshi, ko ƙarfe mai tsatsa, ko wutar da ke hawa da sauka, su ma kogon suke bari.

Ba cewa muke a kawo na'urar Argonne Maigatari ba, wannan mafarki ne. Sai dai yankin ciniki maras haraji na Maigatari ya haura shekara 20 ana yi mana alƙawarin masana'antu, ga kuma batun na Gagarawa. Duk kamfanin da zai kafa tanki ko ya shimfiɗa bututu ba ya karɓar walda sai an gwada ta. In yaranmu ba su iya gwajin ba, daga Legas ko Fatakwal za a ɗauko masu yi, namu su ƙare a dako da gadi.

Wani gwajin ma ba ya cin kuɗi: a shafa alli a bayan waldar tanki, a zuba kananzir ta ciki, duk inda ya yi tabo akwai ɓula. Wannan ƙungiyoyin masu walda za su iya wajabta shi tun gobe. Na eksire kuwa yana buƙatar horo da lasisi, domin haskensa na cutarwa. A ganinmu kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja ne ya kamata su ɗauki horon, gwamnatin Jigawa kuma ta ware ɗakin gwaji ko da guda ɗaya a cikin yankin, wanda mai walda daga Gumel zai iya kai aikinsa a duba masa.