Daga Bakin Rumfa: Ramin Allurar Da Na Raina

Makonni uku ke nan ba ku ga wannan fili ba, har wasu suka bugo daga Kumasi da Lome suna tambaya ko alƙalami ne ya ɓata. Alƙalami na nan. Hannun da ke riƙe shi ne ya shiga hutun dole, kuma rabin laifin nawa ne.

Ranar wata Talata ina tsaye ana sauke mini albasar Galmi a kasuwar Adjen Kotoku, sai na ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, zufa ta karyo. Babban ɗana bai saurari "bari ya wuce" da nake ta faɗa ba, ya sa ni a mota sai asibiti a cikin Akra. Likitoci suka ce sai sun leƙa jijiyoyin da ke shayar da zuciya. Na ɗauka yanka za a yi. Ashe ta wuyan hannu za a bi.

A wuyan hannun kowa akwai manyan jijiyoyin jini biyu masu bugawa, ɗaya ta ɓangaren babban yatsa, inda likita ke taɓawa in yana ƙirga bugun zuciya, ɗaya ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Suna haɗuwa a tafin hannu. Ta farkon suke hudawa, su zura siririn bututu har zuciya, su tura wani ruwa da ke fitowa a hoto. Inda suka ga hanya ta tsuke sai su buɗa ta, su bar 'yar ragar ƙarfe. Haka aka yi mini ina farke, ina jin hirarsu. A da ta matsematsi aka fi bi, mutum ya kwanta rigingine sa'o'i da yawa ba motsi. Wani likita a birnin Montreal na Kanada, Lucien Campeau, shi ya fara ba da rahoton bi ta wuyan hannu a 1989, daga baya likitocin Amsterdam suka kai ga sa ragar ta nan.

To, shiga ba wuya. Rufe ƙofar ne aiki. Jijiya mai bugawa ba irin wadda ake ɗibar jinin gwaji ba ce, da za a manna auduga a ce tafi gida. Jininta tsartuwa yake yi, ga shi an ba ka maganin hana jini daskarewa ana cikin aikin. Shi ya sa kafin su zare bututun sai da suka ɗaura mini wani abu kamar agogon roba, garai-garai, kana hango fatarka ta ciki. Nawa sunansa TR Band, na kamfanin Terumo na Japan. Akwai wasu iri, masu murɗawa ko masu matsewa, amma manufar ɗaya ce. A cikinsa akwai 'yar balan-balan da ke zama daidai kan hudar, a hura mata iska da sirinji na musamman, iskar da ba ta wuce mililita 18 ba.

Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Zango mai jin Hausa. Na ga ta hura, sannan ta dinga sassauta iskar a hankali har ɗigon jini ya leƙo, sai ta ɗan mayar. Na ce, "'Yata, wasa kike da jinina?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ma'auni nake nema. In na matse da yawa jijiyar na iya toshewa gaba ɗaya, in na yi sako-sako jini ya zuba. So nake ramin ya rufu, jini kuma ya ci gaba da wucewa ta ciki." Sai ta maƙala mini wani abu mai jan haske a yatsa, ta danne jijiyar ɓangaren ƙaramin yatsa da hannunta, tana kallon na'ura. Da ta ga layin bugun bai ɗauke ba, ta ce hanya a buɗe take. Duk mai albasa ya san wannan hikimar. Ka ƙulle bakin buhu da ƙarfin tsiya ka murje na sama, ka bar shi sako-sako ka tsince su a titi.

Zaman da robar ya fi sa'a biyu. Tun ba a je ko'ina ba hannu ya fara zogi. Ƙanena da ya zo jinya ya ce, "Yaya, bari in ɗan sassauta maka," ya kai hannu. Wallahi ban taɓa ganin ƙaramar yarinya ta daka wa mai furfura tsawa irin ta ranar ba. Ta ce ba mai taɓa shi sai ma'aikaci, in akwai ciwo ko yatsu sun mutu a kira ta. Ita ke zuwa bayan 'yan mintuna ta zuƙe mililita biyu ko uku, ta tsaya ta duba. Sau ɗaya jini ya ɗan tsattsafo, ta mayar da abin da ta cire, muka ƙara jira. Da iskar ta ƙare ta cire robar, ta manna filasta.

Da na ga ramin sai na ji kunya. Bai kai ƙwayar dawa ba. A nan raini ya shiga.

Washegari aka sallame ni da gargaɗi: kada in tuƙa mota, kada in lanƙwasa wuyan hannun, kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi na 'yan kwanaki, kada in jiƙa wurin, kuma kada in kuskura in tsallake magungunan da ke hana jini daskarewa a kan ragar. Na ce to, na ji. Ina isa gida Nima 'yan dubiya suka cika falo. Kun san mu, kowa sai ya kama hannun dama ya girgiza, "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Na kasa hana kowa, kada a ce girman kai. Ga yaran kasuwa suna bugowa wai albasa ta fara tsiro, sai na zo da kaina. Na tashi in ɗauko littafin bashi, na dafa ƙasa da hannun nan kamar yadda na saba shekara hamsin.

Ban ji zafi sosai ba. Ɗumi na ji. Filastar ta rine, wurin ya taso kamar ƙwan zabo. Wani ya ce a kawo tsumma a ɗaure damtse, wani ya ce a zuba garin kofi. Uwargida, wadda ita ce ta tsaya ta saurari nas lokacin da ni nake tunanin albasa, ta ture kowa. Ta sa yatsunta ta danne daidai wurin da ƙarfi, ta ɗaga hannun sama da ƙirjina, ta ce da ɗanmu, "Tada mota." Ba ta saki ba, ba ta ɗaga don ta leƙa ba, har muka isa asibiti. Suka sake ɗaura mini robar, na sake kwana. Hannun ya yi baƙi har kusa da gwiwa, kwana goma ban iya riƙe biro ba. Albasar da na yi gaggawa dominta kuwa, yara suka sayar da ita ba ni, kuma ba su faɗi ba.

Na kawo wannan dogon labari ne don mu 'yan kasuwa shekaru sun fara kama mu, hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a cikinmu, wannan aikin zai iske wasunmu. Robar sa'o'i kaɗan take tsaron ramin. Sauran kwanakin kai ne mai gadi, kuma duk al'adunmu a kan hannun dama suka taru: gaisuwa, cin tuwo, ƙirga kuɗi, tashi daga tabarma. Saboda haka tun kafin aiki ka tambayi likita ko zai yiwu a bi ta hagu. Ba kullum ake iyawa ba, amma tambaya ba laifi. Ka tafi da wanda ke jin yaren asibitin, Turanci ne ko Faransanci, ya saurari gargaɗin sallama tare da kai. In baƙi sun zo, ɗora hannu a ƙirji ya wadatar. Maganar alwala na kai wa limaminmu, ya ce shafa a kan ɗauri halas ne, sallah a zaune ma haka ga mai lalura.

In jini ya ɓalle ko wurin ya kumbura, a danne da ƙarfi a nufi asibiti. In yatsu sun yi sanyi, ko sun ɗashe, ko sun mutu, ko hannu ya yi tauri da ciwo mai tsanani, kada a jira gari ya waye. Masu tsallaka iyaka don magani, kada ku hau doguwar mota ranar sallama. Tsakanin Paga da Wagadugu ba wurin neman robar nan ba ne.

Uwargida ta ce in rubuta cewa ita ta cece ni. Na ce Allah ne. Ta ce ta yarda, amma yatsunta aka ara. To, na rubuta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.