A Bar Yara Su Taɓa Dokar Boyle da Hannunsu

Duk ɗalibin kimiyya da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya ci karo da dokar Boyle. Da yawa haddace ta suka yi, suka juye a takarda, suka manta. Wannan babbar asara ce, domin abin da malam ke rubutawa a allo yana faruwa a ƙirjin kowane yaro da ke zaune a ajin.

Dokar ba ta da wuya. In aka kulle iska a wuri, zafinta kuma bai canja ba, to gwargwadon yadda aka matse ta, gwargwadon yadda za ta tsuke. A ninka matsi sau biyu, gurbin da take ci ya koma rabi. A ninka sau uku, ya koma sulusi.

Robert Boyle, haifaffen ƙasar Ayalan, ya wallafa wannan a 1662. Kayan aikinsa bututun gilashi ne mai lanƙwasa kamar ƙugiya, an toshe gajeren ɓangarensa. Sai ya riƙa tsiyaya zaiba ta dogon ɓangaren, nauyinta yana danne iskar da ta maƙale, shi kuma yana aunawa yana rubutawa. Daga baya Edme Mariotte na Faransa ya gano haka shi ma, ya kuma jaddada sharaɗin cewa zafi ya tsaya yadda yake. Dukansu da gwaji suka fara, lissafi ya biyo baya.

Me zai hana makarantunmu su bi wannan hanya? Sirinji sabo, wanda ba allura a jiki, ya wadatar. Yaro ya ja shi ya cika da iska, ya toshe bakin da yatsa, ya danna. Da fari zai tafi salin alin, can sai ya fara turjewa, kafin rabi babban yatsa ya soma gajiya. Da ya saki, sandar ta dawo da kanta. Wanda ya ji wannan turjiya a hannunsa ba sai an sa shi hadda ba.

Daga nan malam sai ya kai su ga numfashi: tsokar da ke ƙarƙashin huhu ta sauka, ƙirji ya buɗe, matsin ciki ya ragu, iska ta shigo. Ya ba su labarin masu nutso a teku, inda a zurfin mita 10 matsi ke ninkuwa biyu, shi ya sa ake hana mai shaƙa daga tukunyar iska ya riƙe numfashi yayin tasowa, kada huhunsa ya yage. Ko gorar roba da aka rufe babu komai a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, za ta ɗan loɓa in aka gangara da ita Legas.

Rashin ɗakin gwaji matsala ce ta gaske, amma ba ta shafi wannan darasi ba. Shugabannin makarantu su sayi sirinji daga kantin magani, a raba wa kowane benci ɗaya, malamai kuma su jinkirta rubuta lissafin har sai kowane yaro ya danna.