Manhajar Gwamnati Ma Tana Buƙatar Mudu Ɗaya

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Azare ya san rigimar da bambancin mudu ke haddasawa. Haka abin yake a kwamfuta. A 2006, da Ubuntu ta maye gurbin Bash da Dash, rubutattun umarnin girka manhaja da dama sun ƙi aiki, domin marubutansu sun dogara da salon Bash kaɗai, sun bar ƙa'idar POSIX.

Ya kamata jami'an da ke tsara kwangilar manhaja ga cibiyoyin tarayya, irin su Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Azare, su sanya bin wannan ƙa'ida cikin sharuɗɗa. In ba haka ba, ranar da aka sauya tsarin na'ura, baitulmali zai sake biyan aikin da ya riga ya biya.