Faɗuwar Gaban Da Muke Rubutawa, Ciwo Ce Ta Gaske

Duk wanda ya saba da littattafanmu ya san cewa da wuya ka buɗe shafi goma ba ka ci karo da yarinyar da gabanta ya faɗi ba, ko saurayin da cikinsa ya ɗuri ruwa, ko uwargidan da hantar cikinta ta kaɗa da jin zancen kishiya. Ni kaina na rubuta irin waɗannan kalmomi ba adadi, ina ɗaukarsu gishirin labari ne kawai, sai da abin ya zo kaina sannan na gane cewa Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tashin hankali a jiki yake sauka.

A shekarar 2016 gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta cinye shagon maigidana ƙurmus. Muka yi haƙuri, muka karɓi jaje, ni ce ma mai ba shi baki. Bayan kamar wata biyu, wani dare ina kwance sai na farka zuciyata na bugawa kamar ana daka, numfashina ya tsaya a wuya, yatsuna suka yi tsami, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na tashe shi na ce, "Baban Abba, ka yafe mini, tafiya ta zo." Kafin mu isa asibiti abin ya lafa.

Daga nan aka shiga yawo. Mai kyamis ya ce olsa ce, saboda zafin ƙirji da kumburin ciki. Wani wurin aka ce maleriya da taifod, aka yi mini ƙarin ruwa. Innata ta ce iska ce, ƙanwar maigida kuwa ta rantse sammu ne. Kusan shekara guda kuɗin da ba mu da su suna tafiya, ciwo na nan, ga ciwon kai da wuya, ga rashin barci.

Wani likita dattijo ne ya warware mini. Bayan ya duba awon zuciya da na jini ya ga lafiya lau, sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, me yake hana ki barci?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Tun ranar gobara kullum lissafina kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ban taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce ban yi tawakkali ba.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu 'yan ƙwayoyi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, jini ya ragu a ciki da hanji ya koma hannu da ƙafa, yawun baki ya ƙafe. Jiki ya shirya ke nan, ko a yi faɗa ko a ranta a na kare. Wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan tun 1915. Idan kare ne ya biyo ka, da ka tsira jiki ya koma daidai. To amma bashi da zulumin gobe ba a tsere musu da ƙafa, saboda haka jiki yakan zauna cikin shirin gudu dare da rana. Tsokar da ta daɗe a ɗaure ita ke kawo ciwon kai da wuya da baya. Cikin da aka hana sakat shi ke kawo tashin zuciya da zawo. Numfashin sauri kuma yana fitar da iskar kabon fiye da kima, shi ne jirin da tsamin yatsun da na ji. Irin farmakin da ya tashe ni cikin dare yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka, amma mai shi ji yake mutuwa ce.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A nan Nijeriya ma, tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta labarin ɗalibai masu kukan zafi a kai, da jin kamar wani abu na yawo a cikinsa, da kasa fahimtar karatu. Wa ya yi makarantar kwana bai ga irin wannan ba gab da jarrabawa?

Inda nake ganin laifinmu marubuta shi ne nan. Da zarar an yi wa jarumarmu auren dole ko saurayi ya yaudare ta, sai mu sa ta faɗi tana aman jini, likita ya fito ya ce zuciyarta ta kumbura. In ba haka ba kuma, sai mu ɗora wa kishiya da boka. Matan aure da 'yan mata da ke karanta mu a ɗaki sun haddace wannan, ranar da ƙirjinsu ya buga sai su tabbatar ko dai ajali ne ko an yi musu asiri. Sau nawa zumunci ya lalace a kan zargin da ba shi da tushe? Ni ban taɓa rubuta jarumar da ta je asibiti aka ce mata fargaba ce, ta yi magani ta warke ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Wani zai ce, ai faɗa wa mutane cewa damuwa ce zai sa mai ciwon zuciya na gaske ya zauna a gida. Wannan magana ce mai nauyi, kuma na yarda da ita. Ciwon ƙirji ba abin wasa ba ne, musamman ga mai shekaru, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga. Ƙarancin jini da ciwon da ya shafi maƙoƙo ma suna sa bugun zuciya. Saboda haka asibiti za a fara zuwa, likita ne zai ce fargaba ce, ba ni ba, ba mai kyamis ba. Abin da nake roƙo shi ne, idan awo ya nuna lafiya lau, kada a ce wa mara lafiya langaɓe ne ko raki. Ciwon yana jin sa da gaske, kuma yana da magani.

Ni dai an haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, duk da na yi ta noƙewa don gudun kada a ce na haukace. An koya mini jan numfashi a hankali ta hanci da fitar da shi a tsanake, an ce in rage shayi mai kauri da goro, in riƙa tattaki, in kuma daina haɗiye magana. Na sha magani na wasu watanni bisa umarnin likita. Addu'a ban bar ta ba, maganin ma ban bar shi ba. Muna da asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma mai fargaba ma wurinsa ne.

'Yar uwa, idan kin sha maganin olsa da na taifod har kin gaji, ki koma wurin likita, in ya tambaye ki abin da ke hana ki barci ki faɗa masa gaskiya. Ni kuma na yi alkawari, a littafina na gaba jarumar za ta warke ba tare da an zargi kowa ba. Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, amin.