Barin Taba Sigari: Doka Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Idan ba mu manta ba, tun ranar 15 ga Mayun 2006 ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba, wadda ta hana tallarta da busa ta a wuraren taruwar jama'a. Amma duk wanda ya ratsa kasuwannin Tasawa da Mayahi ya san har gobe ana sayar da ita kara-kara a kan tebur. Doka ta nuna wa mashayi inda ba zai sha ba. Abin tambaya shi ne, wa zai nuna masa yadda zai bari?

Da yawansu sun sha rantsuwa sun bari, bayan kwana uku su koma. Ba taurin kai ba ne. Sinadarin nikotin ne ya kama jiki, sabo kuma ya kama hannu: bayan abinci, wajen mai shayi, ko zaman fada. Magani yana kwantar da ƙishin nikotin, amma sabo sai da shawara da tallafin mutane.

Shi ya sa a watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora, inda ta ce a haɗa biyun: shawarar ma'aikacin lafiya, ko da ta minti uku ce, da magani irin cingam ko filastar nikotin. Ta kuma ce fiye da mutum miliyan 750 a duniya suna son bari, amma kashi 70 cikin 100 ba su samun taimakon da ya dace.

'Yan kasuwa, mu yi lissafi. Wanda ke ƙona dala ɗari kullum, a shekara ya ƙona jika 182 da rabi. Wannan jari ne, ban da kuɗin maganin tarin yaran da ke shaƙar hayaƙin.

Saboda haka mai niyya ya tsayar da rana, ya sanar da iyalinsa, ya je likita. Kada ya sayi ƙwayar 'yan talla. Makon farko ya fi wuya, ga fushi ga rashin barci. Uwargida, a nan haƙuri ya fi gori amfani. In ya koma, a sake ɗaura niyya.

Muna kira ga hukumomin lafiya na gundumomin biyu da su sa tambayar "kana shan taba?" cikin kowane awo, su kuma kawo maganin kusa da talaka. Allah Ya sa mu dace.