Abin da Gefen Hoto Ya Yanke

Kowane hoto yana da gefe huɗu, kuma mai ɗauka ne ke shata su. Baƙon da ya tsaya gaban hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, yakan yi ta karkata har sai wayar lantarki da ɗan kabu-kabu da yarinya mai jakar lakkwal sun faɗa waje. Raƙumi kaɗai ke da izinin shiga. Wai tsabtace hoto ke nan, alhali mutanen gari aka share. Abin takaici, ƙungiyoyin al'adu su ma irin waɗannan hotuna suke ratayewa a bukukuwansu. Wajibi ne malamai su koya wa ɗalibai tambaya guda: wa aka bari a waje?